Barima, guduma ko injin tanal: da wanne za a ratsa ƙarƙashin dogo?

Ɗan yayata ya same ni a gida a Jidda bayan sallar isha'i, riƙe da takardu uku. Mu'assasar da yake yi wa aiki, wato kamfaninsu, ta samu ƙaramar kwangila a wajen Hufuf, a gabashin Saudiyya. Bututun ruwa mai faɗin milimita 300 za su ja zuwa wasu gonaki, ga kuma layin dogo ya gitta a tsakiyar hanya. Abin da za a ratsa bai wuce mita 40 ba. Ya tambayi muƙawilai uku, wato 'yan kwangila, farashi, kowa ya zo da tasa dabarar. Na farko zai huda da barima, na biyu zai buga bututun da guduma, na uku ya ce sai dai a kawo injin tanal, mai haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa ana tuƙa shi daga sama, kuɗinsa kuwa ya kusa ninka na farkon sau uku.

"Kawu, mudiri, manajanmu, ya ce in ɗauki mai sauƙin kuɗi, wai ai duk rami ɗaya za su yi."

Na tambaye shi ko an yi jassa, wato an haƙa gefen dogon an ɗebo ƙasa an kai gwaji. Ya ce tukuna. Na ce masa, "To ɗana, ajiye takardun nan. Duka ukun farashin abin da ba su gani ba suka ba ka." Abin da muka tattauna a daren nan shi na ga ya dace in rubuta, domin yaranmu da ke shiga aikin gini a ƙasar nan suna ta yawa, kuma ratsa dogo aiki ne da kuskurensa ba ya tsayawa a kan wanda ya yi shi. Akwai ɗaruruwan rayuka da ke wucewa a saman ramin.

Tona fili a yanke dogo ba ya ma cikin lissafi. Layin Dammam zuwa Riyad yana aiki tun 1951, shi ke ɗauko kwantenoni daga tashar ruwa. Layin arewa yana jigilar fosfat daga Hazm al-Jalamid zuwa Ras al-Khair da taragu masu nauyin gaske. Jirgin Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana cin kilomita 450 tsakanin Makka da Madina da gudun da ke kaiwa kilomita 300 a awa. Babu wanda zai tsayar maka da ɗaya daga cikinsu don ka binne bututu. Dole a bi ta ƙasa jirgi na wucewa a sama.

Abin da ake fara shigarwa bututun ƙarfe ne mai kauri, daga baya a zura na ruwa ko wayar lantarki a cikinsa. A wurin aiki za ka ji ana ce masa silif. Ni kube nake kiransa, don aikinsa ke nan, irin na kuben takobi. Shi ke ɗaukar nauyin jirgi. In bututun ciki ya fashe, ruwan zai bi cikin kuben ya fita can gefe maimakon ya wanke ƙasar da dogo ke zaune a kai, kuma ranar da aka tashi canja bututun sai a zaro shi kawai. Ƙa'idar da injiniyoyi suka fi jingina da ita a nan ita ce ta ƙungiyar injiniyoyin dogo ta Amurka, AREMA. Ta ce daga gindin ƙarfen dogo zuwa saman kube kada a gaza ƙafa biyar da rabi, kusan mita 1.7. Ratsin ya zama a miƙe, gwargwadon hali kusurwa 90, kada ya karkace ƙasa da 45. In bututun ciki ya kai inci 6 ko fiye, cikin kuben ya ɗara wuri mafi kauri na bututun da inci 4, kimanin milimita 100. Bututun yaron nan, in an haɗa da kaurin bakin gaɓoɓinsa, yana neman milimita 400, don haka kube mai inci 24, wato milimita 610, shi ne daidai. Waɗannan alƙaluma mafari ne kawai. Magana ta ƙarshe tana cikin tasrihi, wato takardar izinin da mai dogon zai ba ka, kuma tun 2021 da aka haɗe tsohuwar hukumar jiragen ƙasa da kamfanin jiragen ƙasa na Saudiyya, SAR, ƙofar kamfanin ake ƙwanƙwasawa. Sau da yawa zai nemi zurfin da ya fi haka.

Yanzu ga tambayar da na ce wa yaron ya yi wa kowane muƙawili, ita ce kuma ta raba hanyoyin nan duka: a lokacin da bakin kube yake daidai ƙarƙashin dogo, jirgi ya zo wucewa yana girgiza ƙasa, me ke tare ƙasar da ke gaban bakin kada ta zubo ciki? Duk yashin da ya shigo kube fiye da girman kuben, daga saman kanka ya fito. Gurbin da ya bari ba ya ɓacewa. Hawa yake yi sannu a hankali, kwana biyu ko wata biyu, har ya isa tsakuwar da ke riƙe da dogo.

Barima ita ce hanyar da kowa ya sani, ita ce kuma mafi araha. Ana haƙa rami mai tsawo a gefe ɗaya, a shimfiɗa inji a kan ƙarafa, a yi masa bangon da zai tokara a baya. Jak yana tura kuben gaba, a cikin kuben kuma wata doguwar barima tana juyawa, kanta na yankar ƙasa, jikinta na kwaso ta zuwa baya. In gaɓa ɗaya ta shige, a ja inji baya, a kawo wata a yi walda, a ci gaba. A ƙasa mai danƙo, yumɓu mai tauri ko ƙasar da ta kame da kanta, babu abin da ya kai ta sauƙi. Mita 30 zuwa 90 aikinta ne na kullum. Masu injin suna da yawa daga Dammam har Jidda, kayan gyaransa ba wahalar samu.

Sai dai amsarta ga tambayar nan tamu ita ce: babu abin da ke tare ƙasar sai ƙarfin ƙasar kanta. Bakin a buɗe yake, barima kuma ba ta san ta ƙoshi ba. In ta samu rairayi busasshe irin na hamadar Dahna, zai riƙa malalo mata kamar gero daga ɓulallen buhu, ita kuwa tana ta kwasa. In akwai ruwa a ƙasa abin ya fi muni, don yashi da ruwa za su bi cikin kuben su cika ramin da mutane ke tsaye. Shi ya sa ƙa'idar dogo ta hana kan barima ya riga bakin kube fita, ta kuma ce faɗin abin da kan zai yanka kada ya ɗara kuben da fiye da rabin inci, milimita 13. A yashi ma ja da kan ake yi baya zuwa cikin kube, a bar toshiyar ƙasa a gaba. Amma hakan yana rage sauri, mai injin da aka biya a kan mita kuwa sauri yake so.

Na ga wannan da idona shekarun baya a ƙarƙashin wani reshen dogo na cikin wata masana'anta a gabas. Mai injin ya ga tura kube na yi masa nauyi, sai ya saki kan barima ya fita gaba kamar kamu biyu. Aiki ya yi ta gudu, kowa na murna. Da asuba mai gadin wurin ya zo ya kira mu. Tsakuwa ta lotsa a tsakanin ƙarafan biyu, matashin kankare ɗaya, cikin waɗanda ƙarafan ke zaune a kansu, yana rataye babu abin da ke ƙarƙashinsa. Allah ya sa babu tarago da ya bi a daren. Kwana uku muna ɗura kunun siminti a ƙasa kafin a yarda a sake bin layin. Tun daga ranar ba na barin a yi barima ba tare da wani yana ƙirga ƙasar da ke fitowa ba, kuma lissafin ba wuya. Kube mai milimita 610 yana cin kusan kubik mita 0.29 a kowace mita. Gaɓa mai mita 6 ke nan kubik ɗaya da kwata uku. Ƙasa in an tono ta tana kumbura, a ce biyu da ɗan ɗori. In ka ga uku ko huɗu sun fito daga gaɓa ɗaya, kashe inji nan take.

Barima tana da wasu raunin biyu. Dutsen da ya wuce sulusin faɗin kube ba ya bin jikinta, wato a kuben yaron nan duk dutsen da ya haura milimita 200 zai maƙale, kuma a wannan faɗin mutum ba zai shiga ya fasa shi cikin aminci ba. Sannan saitinta kaɗan ne. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari na tsawon ratsi ba abin mamaki ba ne, a mita 40 ke nan santimita 40. Ga bututun da famfo ke tura wa ruwa wannan ba komai, gwiwa ɗaya ta gyara. Ga bututun najasa da ke tafiya da gangara kuwa, aikin ya lalace. Akwai gyaran da aka yi wa wannan: a fara tura siririn bututun jagora ana kallon fitilar kansa ta kyamara, in ya fita daidai sai barima ta bi sawunsa. Saitin yana zuwa daidai ƙwarai, amma jagoran ture ƙasa yake yi gefe, don haka sai a ƙasa mai laushi, kuma bai sauya komai ba game da buɗaɗɗen baki.

Guduma ita ce hanyar da na fi so a gajeren ratsi ƙarƙashin dogo, kuma ina ganin mutanenmu ba su ba ta haƙƙinta ba. Ana kwantar da kube baki buɗe, a ɗaura masa wata babbar guduma mai aiki da iskar kwamfaresa a gindi, irin Grundoram ta Jamus ko HammerHead ta Amurka. Tana bugunsa fiye da sau ɗari a minti, yana shiga ƙasa kamar yadda ake kafa turke, sai dai a kwance. A bakinsa ana walda zoben ƙarfe mai tauri da ke yanka ƙasa da fasa ƙananan duwatsu. Sirrinta shi ne ba a ɗiban komai. Ƙasar da kuben ya haɗiye tana nan cikinsa, ita ce toshiya, ita ke tare ƙasar gaba. Sai bakin ya ɓulla a ɗaya gefen, ƙarfe ya riga ya kewaye ramin tun daga farko har ƙarshe, sannan a kwashe cikin da barima ko ruwa mai ƙarfi. Babu wani lokaci da dogo ke zaune a kan rami marar rufi. Yashi mai malala, tsakuwar wadi, wato busasshen rafi, duwatsu masu girman kankana, duk haɗiye su take yi muddin sun shiga bakin. Ba ta buƙatar bangon tokara, don haka raminta ya fi sauƙin haƙa.

Amma kada a ɗauka ba ta da aibu. Ba ta da sitiyari ko kaɗan. Yadda ka saita gaɓar farko haka za ta tafi, in kuma ta gamu da dutse a gefe ɗaya za ta iya kaucewa ba mai dawo da ita. Rabin yini a saita gaɓar farko da na'urar safiyo ba ɓarnar lokaci ba ce. Tsawonta gajere ne, mita 15 zuwa 60 shi ne inda take jin daɗi, bayan haka ƙasa tana ƙara damƙe ƙarfen. Duk tsayawar da aka yi don walda, ƙasa na ƙara kama shi, shi ya sa ake son gaɓoɓi dogaye da masu walda biyu a shirye, a kuma ja siririn bututu a bayan kuben yana zuba ruwan laka mai santsi. Fa kuwa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ba ta huda shi, ko kusa. Tana da ƙara, tana da girgiza, girgizar kuma tana iya sa sako-sakon yashi ya zauna, dogo ya ɗan sauka ko da ba a ɗebi ƙasa ba. In kusa da wurin akwai akwatunan sigina ko gindin gada, sai an auna girgizar. Kube ma sai mai kauri. Teburin AREMA ya ba kube mai inci 24 kaurin kusan milimita 8 in an shafe shi da kariya, milimita 9.5 in tsirara ne, amma wannan don nauyin jirgi ne, ba don bugu ba. Ni ba na yarda a ɗora guduma a kan abin da bai kai milimita 12 ko 13 ba. Wani abu kuma da nake gargaɗi a kai: wasu suna toshe kuben su hura iska don ƙasar ciki ta fita lokaci ɗaya. Tana fita ne kamar harsashin igwa. Kada kowa ya tsaya a gabanta, kada kuma bakin ya kalli hanya.

Yaron ya ce, "Kawu, to haƙa mai lanƙwasa fa? Ai ita kowa ke yi yanzu, ba rami ba komai." Gaskiya ne, ita Larabawan wurin aiki suka fi nufi in sun ce saƙabul ufuƙi. Wani Ba'amurke mai suna Martin Cherrington ya fara ratsa kogi da ita a Kalifoniya a 1971. Inji yana sama, ya soka sanda a karkace, ta nutsa, ta bi ƙarƙashin abin da ake son ratsawa, ta ɓulla can. Sai a faɗaɗa ramin sau ɗaya ko sau uku, a jawo bututu ta baya. Ga wayar faiba, ga wayar lantarki cikin baƙar roba mai milimita 110 ko 160, babu kamarta, kwana ɗaya ko biyu an gama.

Ga kuben ƙarfe mai inci 24 kuwa labari ya sha bamban. Ƙarfe ba ya lanƙwasa yadda ake so. Lissafin da masu aikin ke bi shi ne a ninka faɗin bututu sau 1,200 a samu rabin faɗin da'irar lanƙwasar da zai iya jurewa, wato sama da mita 700 ga wannan kube. Don ka ratsa mita 40 sai ka haƙa wajen mita 250, ka nutsa fiye da mita 10, ka kuma samu filin da za ka shimfiɗa bututun duka a walde. Ramin kuma ana faɗaɗa shi ya kai ninki ɗaya da rabi, kusan milimita 900. Gurbin da ke kewaye da bututun ya fi bututun kansa girma, kuma abin da ke tare shi ruwan laka ne kawai, wanda ake kira bentonait. In matsin lakar ya yi yawa, sai ta tsaga ƙasa ta ɓullo a sama, ta shiga tsakuwar dogo ta lalata ta. In ya yi kaɗan, ramin ya rufta. A tsakuwa da duwatsun wadi lakar tsiyayewa take yi ta bar ramin. Shi ya sa masu dogo ke neman zurfin da ya fi na sauran hanyoyi nesa ba kusa ba in an ce da ita za a bi. Bin sawun kan sandar ma matsala ne, don mai na'urar sai ya taka kan dogo, a layin Haramain kuma akwai shinge, akwai wutar kilobolt 25 a sama da ke rikita siginar.

Injin tanal shi ne wanda ya amsa tambayarmu amsa cikakkiya, shi ya sa yake da tsada. A Japan aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970, Jamusawa suka ɗauka suka bunƙasa, injinan Herrenknecht su aka fi gani a nan. Ana haƙa rijiya biyu, ɗaya a kowane gefe. Injin yana gaba, fuskarsa a rufe, jak na tura shi da bututu a bayansa. Ruwan laka yana zuwa fuskar da matsi daidai da na ƙasa da ruwan da ke cikinta, ya kwaso abin da aka yanka ya kai sama a tace. Mai tuƙi yana cikin kwantena yana kallon hasken lesa a allo, yana gyara saiti, kuskurensa bai cika wuce milimita 25 ba. Ko ruwa ya kai wuyan rijiya aikinsa yake yi. Mutanen Jidda sun saba ganin kwantenoninsa a tituna, musamman tun bayan ambaliyar Nuwamban 2009 da aka tashi tsaye kan magudanan ruwa.

Kuɗinsa ba a mita yake ba, a kawowa da kafawa yake: rijiyoyi masu hana ruwa, injin tace laka, janareta, kiren, ƙwararren matuƙi. Ko mita 40 ko mita 140, wannan kuɗin sai an biya. Yana da wani haɗari da ba a cika faɗa wa mai aiki ba. Ƙaramin inji ba ya da ƙofar da mutum zai isa fuskarsa ta ciki, sai wanda ya kai wajen milimita 1,200. In haƙoransa suka cinye ko ya gamu da tsohon ƙarfe a ƙarƙashin dogo, a titi sai a tono shi daga sama, a dogo kuwa babu wannan damar. Saboda haka a wuri mai dutse gara a ɗauki babba, ko da bututun da za a zura ƙarami ne.

Tura babban bututu mutane na ciki suna sara da hannu, har yanzu ana yi. Ba na ba kowa shawararsa a ƙarƙashin layin da jirgi ke bi, sai dai in ƙasa ce tsayayya, faɗin ya kai mutum ya juya, akwai iska da ake hura musu.

In aka ɗora waɗannan hanyoyi a kan ƙasar Saudiyya, zaɓin yana fitowa da kansa. Madina tana kewaye da harra, baƙin dutsen aman wuta, na ƙarshensa ya malalo kusa da birnin a shekara ta 654 Hijira, 1256 Miladiyya. In ratsin duka a cikin fa yake, hankali ya kwanta, don fa ba ya ruftawa. Injin barima da aka sa wa kai mai fayafayan ƙarfe zai ci shi, a hankali amma cikin aminci. Mugun wuri shi ne inda rabin baki dutse ne rabi ƙasa, ko inda manyan duwatsu ke iyo a cikin yashi, nan sai babban injin tanal mai kan dutse. Wadin da ke tsakanin Makka da Jidda tsakuwa ne da duwatsun da ruwa ya gangaro da su daga tsaunuka, wurin guduma ke nan. Gaɓar tekun Jidda dutsen murjani ne mai ramuka, ruwan gishiri a kusa. Sabka, wato fadamar gishirin da ke tsakanin Dammam da Jubail, ɓawo ne mai tauri a sama, ƙarƙashinsa taɓo mai gishiri. A waɗannan biyun, da zarar kube ya sauka ƙasa da ruwa, injin tanal ne kawai nake sa hannu a kai. Wasu za su ce a zuƙe ruwan da famfo a yi barima. Zuƙe ruwa a gindin dogo shi kansa yana zaunar da ƙasa. Riyad kuwa farin dutse ne mai kogo a wasu wurare, jassa ce kaɗai za ta nuna maka.

Akwai abin da babu muƙawilin da ya rubuta a takardarsa, shi ne lokaci. Masu dogo galibi suna sharɗanta cewa da zarar kube ya shiga ƙarƙashin layi ba a tsayawa dare da rana sai ya fita. Ga kuma dokar ƙasa ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku na yamma, tun daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Doka ce mai kyau, duk wanda ya taɓa tsayawa cikin ramin ƙarfe a Hufuf a watan Yuli ya san dalilinta. Zafin yana da wata illa ga dogon kansa. Ƙarfen da aka haɗa da walda babu gaɓa, in ya yi zafi yana neman miƙewa ba wuri, tsakuwa ce ke riƙe shi. In tsakuwar ta saki a ranar zafi, dogo zai iya karkacewa gefe lokaci ɗaya. Don haka ratsi aikin sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Maris. A layin Haramain kuma kada ka gina jadawalinka a kan samun izini cikin Ramadan ko lokacin aikin Hajji. Ba a fafe gora ranar tafiya, takardar tasrihi ita ake fara nema tun kafin a yi hayar inji.

Ko wace hanya aka ɗauka, mai safiyo zai sa alamomi a kan ƙarafan dogo biyu, daidai ratsin da kuma nesa kaɗan ta kowane ɓangare. Ya auna kafin a fara, ya auna a kowane zubin aiki, ya ci gaba makonni bayan an gama, don gurbi a hankali yake hawa. Wayoyin sigina da na faiba suna binne a gefen layi, da hannu ake tono su a gan su kafin a kafa rami. Cikin kube kuma a sa wa bututun zobban roba kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a rufe bakin biyu da roba. A sabka wannan ba ado ba ne, gishiri yana cin ƙarfe, fentin kariya kuma yana karcewa wajen turawa, don haka kauri ake ƙarawa, kankaren ramuka kuma da siminti mai jure gishiri.

Bayan mako uku yaron ya kira ni. "Kawu, jassa ta fito." Biyu aka yi, ɗaya a kowane gefen shinge, kowace ta sauka mita 10. Yashi ne sako-sako har mita biyu, daga nan yashi da tsakuwa, ruwa a mita biyar, babu fa. Saman kube zai zauna mita biyu da rabi ƙasa da dogo, gindinsa a uku da ɗan ɗori, wato akwai kusan mita biyu tsakaninsa da ruwa. Na ce masa barima ta fita, wannan yashin ba zai tsaya mata ba. Injin tanal zai yi, amma kuɗin ruwa za ka biya alhali ba ka taɓa ruwa ba, bututunka kuma na famfo ne, ba ya neman saitin milimita. Guduma ce taka, da kube mai milimita 14, gaɓoɓi masu mita 12, a fara bayan tsakiyar Nuwamba, ƙasar ciki kuma ba a taɓa ta sai bakin ya ɓulla.

Ya ce mudiri zai yi ƙorafi don ta fi barima tsada. Na ce ya kai masa takardar jassa da lissafin kubik, ya kuma ƙara sharaɗi ɗaya a kwangilar muƙawilin: in kuben ya tsaya cak a ƙarƙashin dogo ya ƙi gaba, ba a zaro shi. A bar shi a wurinsa, a cika shi da kunun siminti, a sanar da mai dogo, a matsa gefe a sake sabo.